Juya Rigar Mu Ga Cikinta: Wata Tara a Fulorans

Tayar akwatina ta cire tun ban yi taku ɗari daga tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella ba. Titunan tsakiyar Fulorans ta ƙasar Italiya da manyan duwatsu aka shimfiɗe su, duwatsun kuwa ba ruwansu da akwati mai taya. Haka na yi tsaye sororo a bakin hanya da tsakar ranar Satumba, taya a hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da jakar zane-zanena, wadda ko a cikin jirgin sama ban yarda an raba ni da ita ba. Zanen riguna arba'in da biyu ne a ciki. Su suka sama min gurbin karatun wata tara a wata makarantar zayyanar tufafi, kuma a lokacin gani nake duk wanda ya buɗe jakar nan sai ya miƙe tsaye.

Da na karya kwana sai ga fuskar cocin da tashar ta ci sunansa, farin marmara da kore, an yanka an jera kamar wanda ya zauna da ma'auni ya haɗa ƙyallaye. Na ajiye tayar a ƙasa na ɗauki hoto. Shi ne na farko. Kafin wata ya zagayo wayata ta fara kukan ta cika.

Kafin in taso, a tunanina ilhama kamar ruwan sama take: akwai garuruwan da take sauka, aikin mutum kawai ya je ya tsaya a fili. Duk wanda na ji yana ba da labarin karatu a waje haka yake nunawa, an je an ga gine-gine, an ga kwalliya, kai ya buɗe. Don haka makonnin farko yawo na sa a gaba. Ƙofa in ɗauka, tagar kanti in ɗauka, tsohuwa ta wuce da jan kwat in bi bayanta in ɗauka. In dare ya yi in kwanta ina ta jan hotuna da yatsa, ko layi ɗaya ban zana ba.

Maganar takardu ba zan ja ta ba. Ɗalibin da ya zo daga wajen Tarayyar Turai dole ya nemi izinin zama cikin kwana takwas na aiki da shigowarsa. A gidan waya ake karɓar ambulan mai ratsin rawaya, a cike a mayar, a ba ka rasit da ranar zuwa ɗaukar hoton yatsu. Rasit ɗin nan na yi watanni ina yawo da shi a jaka, har ya fara yagewa ta inda na ninke shi, kafin katin ya fito.

Aikin farko da aka ba mu ya ɓata min rai. Farar riga mai hannu da wuya, ta akoko, ba ado ba launi. Na ce a raina, yanzu na ƙetaro teku ne don in ɗinka rigar makaranta? An ba mu mako biyu, na gama cikin kwana uku, har na ƙara mata wata tattara a kafaɗa don a san na zo da abina.

Malamar ɗinkin wata 'yar gajeriyar dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya da sarƙa, ƙaramin matashin fil ɗaure a tsintsiyar hannu. Kowa Maestra yake ce mata. An ce shekarun da ta yi a ɗakin ɗinki sun fi shekarun haihuwar kowa a ajin. Ta zo teburina, ta cire rigar daga jikin mutum-mutumin gwaji, ko kallon tattarar ba ta yi ba. Ta zura hannu ta wuya ta juyo cikin waje.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Zaruruwa na reto, bakin yadi na zarewa, inda hannu ya haɗu da jiki ya cukurkuɗe saboda tura shi na yi da ƙarfi ya shiga. Ta bi ɗinkin hammata da babban yatsa a hankali, kamar mai ɗori na neman inda ƙashi ya goce.

Na haɗa ɗan Italiyancin da na tsinta da Turanci na ce, "Maestra, ai ba wanda zai ga ciki."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Wadda za ta sa fa, 'yata? Mu ne a waje. Ita a ciki take zaune."

Ta ciro ɗan ƙarfen farke ɗinki daga aljihu ta ajiye min a kan rigar, ta wuce teburi na gaba.

Da dare na kira gida ina neman mai taya ni jin haushi. Na ce, "Umma, wai duka zan farke." Ta ce, "To ki farke mana. Kuɗin jirgin nan ba don a yabe ki aka biya ba." Na ce mata sai da safe.

Sau uku na farke rigar nan. A karo na biyu ne na gano laifin da ya fi na zare girma: hannun hagu yana murɗewa zuwa gaba, ko na danne shi da dutsen guga sai ya koma. Dalili kuwa na kwantar da takardar yanka a ɗan karkace don in tsimi yadi. Yadin saƙa zare biyu ne, na tsaye da na kwance. Na tsaye shi ake ɗaurewa tamau a masaƙa, ba ya miƙewa. Na kwance yana ɗan bayarwa. In kuwa ka ja yadin ta kusurwa, tsakanin su biyun, sai ya biyo ka kamar roba. Na san wannan a takarda tun da daɗewa. Maestra ta sa na rufe ido, ta ba ni ƙyalle ta ce in ja ta fuska uku in gaya mata wanne ne wanne, na kuwa yi ta inda-inda. Ranar ce ta ba mu labarin Madeleine Vionnet, Bafaranshiyar da ta yi suna a shekarun 1920 da 1930 da yankan kusurwa, wadda rigunanta ke bin jiki kamar ruwa, wadda kuma a jikin ƙaramar 'yartsana ta katako take fara lanƙwasa yadi kafin a kai ga babba. Abin da matar nan ta yi da gangan, ni na yi shi da ganganci.

A watan Nuwamba Maestra ta kai mu gidan zane na Uffizi, ta tsaya a ƙofa ta ce kowa ya kashe waya ya jefa a jaka. Fensir da littafi kawai. An hana mu zana fuska, an hana mu zana riga sukutum. Abu ɗaya za ka zaɓa, hannun riga ko wuya ko inda yadi ya taru a gwiwa, ka zauna da shi har ka gane yadda aka yanka shi.

Ni na maƙale a gaban wani babban allo na Gentile da Fabriano, wanda ya gama a 1423, hoton sarakuna uku da Kiristoci ke cewa sun zo gaida Annabi Isa yana jariri. Zinariya ko'ina, dawakai, ayari har bayan tsauni. Rigar ƙaramin sarkin na je zanawa, amma idona ya tsaya a kan da'irar zinariya da aka yi a bayan kan Nana Maryam. Rubutu ne a jikinta. Alif, lam, alif, lam, dogaye, da furanni suna raba su. Gabana ya faɗi. Na matsa har mai gadi ya yi gyaran murya, na fara haɗa baƙi. Bai haɗu ba. Na faro daga wani gefen, nan ma shiru. Siffar Larabci ce sak, amma na kasa fitar da kalma ko ɗaya.

Daga baya malamin tarihin tufafi ya warware mana. A wancan zamani yadudduka masu tsada da farantan tagulla daga Masar da Sham suna shigowa Italiya ta hannun fatake, da rubutu a bakinsu. Masu zane suka ga kyan baƙaƙen, suka kwaikwayi siffar ba tare da sun iya karatun ba. 'Yan ajin suka yi ta mamaki. Ni kuwa jikina ne ya yi sanyi, don hotunan wayata na tuna. Abin da nake yi ke nan tun Satumba, ina kwasar siffar abubuwa, ban iya karanta ko ɗaya ba. Shi mai zanen ko ba komai ya fitar da abin da mutane ke bin layi su kalla bayan shekara ɗari shida.

A Uffizi ɗin dai akwai hoton Eleonora ta Toledo, matar Cosimo na ɗaya na gidan Medici masu mulkin Fulorans a lokacin, wanda Bronzino ya zana wajajen 1545, tana zaune da ɗanta a gefe. Rigar jikinta ta fi fuskarta suna: farin yadi mai nauyi, baƙin zane ya bi shi kamar reshe, da manyan rumman na zinariya. An daɗe ana cewa da rigar aka binne ta. Ashe ba haka ba ne. Ainihin kayan da aka binne ta da su suna ƙetaren kogin Arno, a gidan tarihin tufafi na fadar Pitti, kuma su suka fi tsaya min a rai.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya yi ajalinta a Pisa a 1562, bayan ya ɗauke 'ya'yanta maza biyu, duk cikin 'yan makonni. Masu gyara sun shafe kusan shekara goma suna haɗa abin da kabari ya rage na kayan. Ɗakin da duhu-duhu, saboda haske na cin tsohon yadi. Rigar satin ce, a shimfiɗe take cikin gilashi, launinta ya koma na busasshen ganye. Ga 'yar ciki ta jan karammiski, ga safa ta siliki. Da yake a kwance take ɓangare-ɓangare, sai ka ga abin da Bronzino ba zai taɓa nuna maka ba: yadda aka yanka siket ɗin, inda aka ƙara yanki don ƙasan ya buɗe, 'yan hujojin da igiya ke bi, kowanne an zagaye bakinsa da allura. Na tsugunna na yi ta zana hujojin nan har ƙafata ta mutu. Wani ne ya zauna ya yi su ɗaya bayan ɗaya, alhali ya san igiya za ta rufe su.

Daga nan garin ya fara karantuwa. Titin da nake bi kullum kusa da Santa Croce, Corso dei Tintori, ashe titin marina ke nan. Babban cocin garin mai jar ƙubba, wadda Brunelleschi ya kammala a 1436, ƙungiyar masu sana'ar ulu ce ta riƙe ragamar gininsa. Gidan marayu na Innocenti kuma masu siliki ne suka ɗauki nauyinsa. Hatta alif, wanda marina ke sawa don launi ya kama yadi, da aka gano ma'adininsa a Tolfa kusa da birnin Rum a farkon shekarun 1460, sai da gidan Medici suka sa hannu a cinikinsa. Wata rana na koma gaban cocin da na fara ɗauka ranar da taya ta cire. Can sama akwai rubutu da manyan baƙaƙe, sunan attajirin da ya biya kuɗin aikin, Giovanni Rucellai, da shekarar 1470. Sunan gidan nasu daga oricello ya samo asali, wani rini mai ruwan shunayya da ake samu daga gansakukar jikin duwatsu, wadda ba ta sakin launi sai an jiƙa ta da fitsari. Marmaran da na tsaya ina yi wa hoto, arzikin da ya jera shi daga wannan tukunyar ya faro. Na nemo hoton farko na duba. Rubutun yana ciki, ƙarami, ban taɓa lura da shi ba.

Disamba da Janairu sun ba ni wuya. Kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe, sanyi mai laima yana tasowa daga kogi yana shiga ƙashi, ɗakin da muke haya kuma rufinsa ya yi nisan da na'urar ɗumama ɗaki ba ta iya masa. Abokiyar zamana 'yar Koriya ta Kudu ce, takalma take karanta, magana ba ta dame ta ba. Mukan wuni kowa da bargo a kafaɗa, ita tana fere katako ni ina farke ɗinki. Akwai daren da na buɗe shafin sayen tikiti na zuba masa ido har waya ta mutu. Masu ba da labarin karatu a waje ba su cika faɗin wannan ɓangaren ba, wataƙila don ba ya kyau a hoto. Ba kuma zan yi ƙarya in ce kaɗaicin ya haifar min da wata fasaha ba. Kaɗaici ne kawai, ya yi kwanakinsa ya tafi.

Ana cikin haka garin ya cika da baƙi. Sau biyu a shekara, Janairu da Yuni, ake baje kolin kayan maza na Pitti Uomo a tsohuwar ganuwar Fortezza da Basso. Garin yana tinƙaho da cewa a nan ɗinkin Italiya ya fara fita idon duniya: ranar 12 ga Fabrairun 1951 Giovanni Battista Giorgini ya tara masu saye daga Amurka a gidansa ya nuna musu kaya, daga 1952 kuma aka koma farin zauren fadar Pitti. Mu ba mu da katin shiga, sai muka tsaya a waje cikin masu ɗaukar hoto. Maza ne garada sun ci ado, huluna, sanduna, kwat a kafaɗa ba a zura hannu ba, sun jingina da bango suna yin kamar suna waya har sai an ɗauke su. Dawisu ake ce musu, su ma sun sani. Da a Satumba ne da wayata ta ji jiki. Sai ga ni ina bin kafaɗu da ido, ina rarrabe wadda aka cusa wa auduga da wadda aka bari ta kwanta da kanta, saura ƙiris in ce wa wani bawan Allah don Allah ya cire kwat ɗinsa in ga shafin.

'Yar Koriyar ce ta ja ni gidan tarihin Ferragamo da ke ƙarƙashin fadar Spini Feroni. Ni takalmi bai dame ni ba, na bi ta ne don wurin da ɗumi. Salvatore Ferragamo ya yi suna a Hollywood kafin ya dawo Italiya ya zauna a Fulorans a 1927. Bayan Italiya ta mamaye Habasha a 1935 aka ƙaƙaba mata takunkumi, kaya suka yi wuya, ga yaƙi ya biyo baya. Ƙarfe mai kyau da ake sawa cikin takalmi ya tallafi tsakiyar ƙafa ya gagara samu. Sai ya cike gurbin da ke tsakanin dunduniya da tafi da ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, daga tsibirin Sardiniya. Takalmin nan mai tudu ɗaya daga baya zuwa gaba da mata ke sawa har gobe, rashin ƙarfe ne ya fito da shi a hannunsa. Ya yi aiki da zaren tukurwa, da takarda mai sheƙi irin ta naɗe alewa, da fatar kifi. Abokiyar tawa ta tsaya gaban ƙafafun katako da aka sassaƙa daidai ƙafar kowace mai saye, da suna rubuce a jiki, ta fi minti ashirin ba ta motsa ba. A hanyar komawa ta ce min haka Gucci ma suka yi a 1947, da kayan aiki suka yi ƙaranci suka gasa gora a wuta suka lanƙwasa ta zama hannun jaka. Ita ce magana mafi tsawo da ta yi min tun haɗuwarmu.

Amma wurin da ya fi shiga jikina Prato ne. Tafiyar kusan minti ashirin ce a jirgin ƙasa, masu yawon buɗe ido kuma ba su cika zuwa ba. Garin masaƙa ne tun ƙarnoni. A dandalin tsakiya akwai mutum-mutumin Francesco Datini, falken da ya rasu a 1410 ya bar wasiƙu kusan 150,000, wasu da 'yan ƙyallaye manne a jiki don mai saye ya ga launi. A saman littattafan lissafinsa akan rubuta da sunan Allah da riba. Gidan tarihin yadi na garin a cikin tsohuwar masana'anta yake, dogon bututun hayaƙinta na jan bulo yana nan tsaye. Duk wannan da safe muka gama shi. Da rana aka kai mu wani sito a bayan gari.

Tsummokara ne, dila kan dila, har kusa da rufi. Tsofaffin rigunan sanyi da kwat iri-iri daga ƙasashe daban-daban. Tun tsakiyar ƙarni na 19 mutanen Prato ke mayar da tsohon ulu sabo, masu tantance tsumman kuma cenciaioli ake kiransu. Wanda muka tarar dattijo ne, zaune a ƙasa a kan kwali, ya jingina da dila, ƙafafu a miƙe, almakashi a cinya. Kewaye da shi tsibi-tsibi ne na launi, ja kashi-kashi, shuɗi kashi-kashi, ruwan toka ya fi a ƙirga. Yakan jawo riga, ya murza ta sau ɗaya tsakanin yatsu, ya cire maɓalli da zif da shafi da lakabin wuya, ya wurga ta ba tare da ya ɗaga kai ba, ta faɗa kan tsibin da ya dace. Ba ya karanta lakabi. Ya ce lakabi yana ƙarya, hannu ba ya yi. In ya yi shakka sai ya zaro zare ɗaya ya kunna masa laita. Ulu yana ƙauri kamar gashi, ya bar toka mai murƙushewa. Na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Hikimar rabawa da launi ita ce ba sai an sake rini ba. In an tara ja iri ɗaya, a bi da shi ta inda tururin asid zai cinye zaren audugar da ya gauraya, a yayyage shi ya koma gashi, a shiɓe, a kaɗa zare, a saƙa. Jan da ya fito jan tsofaffin riguna ɗari ne. In mai saye ya zo da launin da yake so, akwai wanda aikinsa ke nan ya ɗebi kaza daga wannan tsibi, kaza daga wancan, har ya fito daidai.

Dattijon ya lura na tsugunna kusa da shi na ƙi tashi. Ya miƙo min riguna biyu baƙaƙe, ya yi min alama in rufe ido. Na murza ta farko, na murza ta biyu, na ɗaga ta dama na ce ulu. Ya yi dariya har da tari, ya zaro zare ya kunna, ya narke ya dunƙule. Ya ba ni wasu biyu, na sake faɗuwa. A karo na huɗu na daina neman laushi, tunda na roba ma ya iya laushi. Na matse rigar a tafin hannu na saki, na ji wadda ta dawo da kanta, da wani ɗan maiƙo da ɗumi da ɗayar ba ta da su. Na ɗaga ta. Bai ce uffan ba, ya karɓa ya wurga ta kan tsibi, sannan ya ɗebo maɓallai daga gwangwanin da ke gefensa ya zuba min a hannu.

Ba zan yi wa Prato kwalliyar da ba ta da ita ba. Garin yana da dubban ƙananan kamfanonin ɗinkin gaggawa, galibi na 'yan China, da yawansu a unguwar masana'antu ta Macrolotto, inda ake fitar da kaya masu arha da lakabin cewa a Italiya aka yi. Ranar 1 ga Disamban 2013 gobara ta kashe ma'aikata bakwai a ɗaya daga cikinsu, a wurin suke aiki a wurin suke kwana. Mun ratsa unguwar a mota, ƙofofin ƙarfe a buɗe, riguna rataye jeri-jeri har bakin titi. Ba wanda ya yi magana a motar har muka isa tasha.

Milan kuwa sau ɗaya na je, a Fabrairu, lokacin makon nunin kaya, tafiyar kusan awa biyu a jirgi mai gudu. Na ga ƙeyar mutane da baƙaƙen motoci. Na dawo da mura.

Da aka zo aikin ƙarshe na buɗe jakar nan mai zane arba'in da biyu, karo na farko tun Oktoba. Ba su yi muni ba, gaskiya. Amma duk a tsaye suke, ta gaba, hannu a ƙugu. Ba wadda na taɓa zana bayanta, balle in san ta inda za a shiga a fita. Akwai wadda in aka ɗinka ta yadda na zana, mai ita ba za ta iya ɗaga hannu ta sosa kai ba. Na mayar na rufe.

Na koma Prato sau uku ni kaɗai ina roƙon ragowar yadi, irin guntayen da ke saura a ƙarshen bandir. Ba wanda ya kai mita biyu, don haka dole kwat ɗin ya zama haɗe-haɗe, ruwan toka iri biyar. Yadin ne ya yanke min tsawo, shi ya nuna min inda ɗinki zai bi. Ban sa shafi ba. Kowane bakin ɗinki na naɗe shi da siririn jan ƙyalle yankan kusurwa, yadda in an buɗe kwat ɗin za a ga duk hanyar da aka bi aka haɗa shi. Maɓallan dattijon na sa, babu biyu da suka yi kama. A bakin hannu ta ciki, inda sai mai sawa ce za ta gani, na yi surfanin kalma ɗaya da baƙaƙen Larabci, wadda ke karantuwa. Ba zan faɗe ta ba, ta mai kwat ce.

Ranar duba aiki a watan Yuni zafi ya dawo da ƙarfinsa. Malamai uku ne a teburi. Biyu suka yi ta tambayoyi kan launi da irin wadda nake ganin za ta saya. Maestra ta taso, ta cire kwat ɗin daga jikin mutum-mutumi, ta zura hannu ta juya. Ta bi jan layin da yatsa daga wuya zuwa ƙasa, ta koma ta bi ɗaya gefen. Ta tsaya a bakin hannu, ta gyara tabarau ta dubi rubutun, ta dube ni, ba ta tambaya ba. Sannan ta sa kwat ɗin a haka a juye, cikin zafin nan, ta ɗaga hannuwa sama, ta rungume kanta, ta miƙa hannu kamar mai ɗauko abu a saman kabad.

Ta ce, "Hammatar hagu tana ja. Rabin santimita."

Na ce, "Maestra, jibi jirgina zai tashi."

Ta laluba aljihun siket ɗinta, ta ciro ɗan ƙarfen nan ta ajiye a kan teburi. "To ai kina da gobe."